Cape Coast, Wida, Kribi ko Badagiri: wane garin bakin teku ya dace da hutunka?

Wanda ya tara 'yan kuɗinsa don ya je ya ga teku, amma ba ya son cunkoson Legas, Akra, Kwatano ko Duwala, yana da garuruwa huɗu da ba su yi wa Bahaushe nisa ba. Akwai Cape Coast da maƙwabciyarta Elmina a Ghana. Akwai Wida a Jamhuriyar Benin, wadda za ka ga an rubuta Ouidah a allunan hanya. Akwai Kribi a kudancin Kamaru. Sai Badagiri, can ƙarshen Jihar Legas wajen iyakar Seme. A hoto duk kusan ɗaya suke: yashi, bishiyar kwakwa, kwalekwalen masunta. Sai ka sauka ka kwana biyu za ka gane cewa ba abu ɗaya suke sayarwa ba.

Abin da za a auna

Kallon teku kansa ba ya riƙe mutum. Ranar farko za ka tsaya ka yi ta tasbihi kana kallon ruwan da ba shi da ƙarshe, rana ta biyu ka ɗauki hotuna, rana ta uku ka fara tambayar mai otal ko akwai wani wurin zuwa. Saboda haka ma'aunin da na fi ba wa nauyi shi ne kwana nawa gari zai riƙe baƙo kafin ya gundure shi.

Na biyu abinci. Ba daɗi kawai ba, har da kwanciyar hankali, wato ko Musulmi zai zauna ya ci ba tare da ya yi ta tambayar abin da aka jefa a tukunya ba. A nan akwai sauƙi guda: a mazhabar Malikiyya duk abin da ke rayuwa cikin teku halal ne, kifi ne, ƙaguwa ce ko jatan lande. Matsalar tana wajen nama da romo, ba wajen abin da masunta suka kawo ba.

Sauran ukun su ne hanya da takardu, kuɗi, da haɗari. Game da takardu, abu biyu ba sa canzawa ko ina ka nufa a waje: fasfo mai sauran wa'adi, da katin rigakafin cutar shawara, wanda ake tambaya a kan iyaka. Ghana da Benin suna cikin ECOWAS, don haka ɗan Najeriya yana shiga ba biza har kwana 90. Kamaru ba ta cikin ƙungiyar, amma akwai tsohuwar yarjejeniya tsakaninta da Najeriya da ta ɗauke wa 'yan ƙasashen biyu biza. Ɗan Nijar kuwa ya kamata ya bincika halin da ake ciki kafin ya ɗaure kaya, domin Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, kuma iyakar Gaya da Malanville ta shiga rikici tun bayan juyin mulkin Yulin 2023.

Cape Coast da Elmina

Daga Akra zuwa Cape Coast kusan kilomita 150 ne. Ana samun mota a tashar Kaneshie, kuma tafiyar takan ci awa uku, ko fiye idan cunkoson Kasoa ya kama ku. Wahalar tana kafin Akra ga mai bin ƙasa daga Legas, don sai ya tsallake iyaka uku: Seme, sannan tsakanin Benin da Togo, sannan Aflao, tsakanin Togo da Ghana. Kowace iyaka da nata layin da nata jiran. Mai hali ya hau jirgi daga Legas ko Abuja ya huta.

A wajen abin gani babu wanda ya kama ƙafar wannan yanki cikin huɗun. Gidan Turawa na Elmina, wato tsohon sansaninsu na bakin teku, 'yan Fotugal ne suka gina shi a 1482, kuma shi ne ginin Turawa mafi tsufa da ke tsaye a kudu da Sahara. 'Yan Holan suka ƙwace shi a 1637, Ingilishi suka karɓa a 1872. A cikinsa aka tsare Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya a 1896 kafin a kai shi gudun hijira. Na Cape Coast kuma 'yan Suwidin suka fara kafa shi a 1653, ya faɗa hannun Ingilishi a 1664, kuma garin ne ya kasance hedikwatar mulkinsu a wannan gaɓa har 1877 da suka koma Akra. UNESCO ta sa gidajen biyu cikin kayan tarihin duniya a 1979. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce kilomita 13 ba.

Ba wurin nishaɗi ba ne, gara a faɗa tun da wuri. Mai rakiya zai shigar da ku ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda ake cusa ɗaruruwan bayi cikin duhu, ya nuna muku cocin da aka gina a saman kurkukun maza, sannan ya kai ku ƙofar da ake fitar da su zuwa jirgi, wadda ake kira ƙofar da ba a dawowa. Bahaushe kuma bai kamata ya kalli wannan a matsayin labarin wasu ba. Da yawa cikin waɗanda aka tsare a nan daga arewa aka gangaro da su, ta kasuwanni irin su Salaga, garin da kakanninmu fatake suka sani sarai a fataucin goron Gwanja. A kan hanyar Kumasi akwai Assin Manso, inda ake nuna rafin da bayi ke yin wankan ƙarshe kafin a ƙarasa da su gaɓa. Yaro ƙarami ba zai fahimci komai a nan ba sai tsoro, amma ɗan sakandare zai fita da abin da littafin makaranta bai ba shi ba.

Idan zuciya ta yi nauyi, washegari a nufi dajin Kakum, kimanin kilomita 30 arewa da gari. A can akwai gadar igiya da katako da aka rataya tsakanin manyan bishiyoyi tun 1995, gaɓa bakwai, tsawonta kusan mita 350, tana lilo sama da mita 30 daga ƙasa. Mai jin jiri ya tsaya a ƙasa ya riƙe wa mutane jaka. A je da sassafe kafin motocin 'yan makaranta su iso. Sai kuma tashar masunta ta Elmina a bakin tafkin Benya, inda kwalekwale masu fenti da tutoci suka cika ruwa maƙil. Wuri mafi kyau na kallonta shi ne tudun da ƙaramin sansanin St. Jago yake. Kada a je ranar Talata, domin a al'adar Fante, ƙabilar wannan yanki, ba a fita su a wannan rana. Masu son biki su lura da Bakatue na Elmina a Talatar farko ta Yuli, da Fetu Afahye na Cape Coast a Asabar ɗin farko ta Satumba. Kwana huɗu zuwa biyar ba za su gundure ka a nan ba.

Abinci shi ne inda Ghana ta fi yi wa Bahaushe sauƙi. Akwai zango a Cape Coast, kusa da kasuwar Kotokuraba, kuma Hausa ita ce harshen zango a duk faɗin ƙasar. Da safe koko da ƙosai ne, kuma 'yan Ghana da kansu "Hausa koko" suke ce masa. Da hantsi akwai waakye, wato shinkafa da wake da aka dafa da karan dafi har ta yi ja, ana zuba mata taliya, garin rogo, ƙwai da baƙin yajin nan shito da ake soyawa da busasshen kifi da jatan lande. Da dare ga masu tsire, wanda suke kira chichinga, kuma akasarinsu 'yan zango ne.

Amma wanda ya zo har bakin teku ya ƙare a koko da tsire ya cuci kansa. Abincin garin shi ne dokono irin na Fante, tuwon masarar da aka jiƙa ta yi tsami aka naɗe a ganyen agade, ana ci da soyayyen kifi da ɗanyen barkono da aka niƙa da tumatir da albasa. Tsaminsa yakan ba baƙo mamaki a lomar farko, daga baya ya saba. Akwai miyar da suke kira fante-fante, ɗanyen kifi da aka dafa cikin manja da tumatir. Akwai banku da gasasshiyar karfasa, da red-red, wake da manja da soyayyar agade. Daga Yuli zuwa Satumba ƙananan kifin teku suna yawa suna araha. Inda za a yi hattara shi ne miyar fufu a gidajen abinci na gefen hanya, don wasu sukan haɗa ƙafar alade ko naman daji a tukunya ɗaya da kifi. Tambaya ɗaya ta wadatar, kuma ba sa jin haushinta.

Kuɗi fa? Nan ne Ghana take cizo. Masauki da mota sun fi na Benin tsada, kuɗin shiga gidajen tarihi da Kakum na baƙo ya ɗara na ɗan ƙasa, kuma tun bikin Shekarar Dawowa na 2019, da Ghana ta gayyato zuriyar bayi su ziyarci ƙasar, watan Disamba ya zama lokacin da baƙaƙen fatar Amurka da Turai ke cika ko'ina, farashi ya tashi. Tekun kuma ba na wanka ba ne. Igiyar ruwan wannan gaɓa tana da ƙarfi, kuma akwai jan ruwa na ƙarƙashi da ke fizgar mutum zuwa ciki ko da ruwan bai wuce ƙugunsa ba.

Wida

Ga mai fitowa daga Legas, Wida ita ce ƙasar waje mafi kusa da za a kira hutu. Iyaka ɗaya ce, Seme, sai Kwatano, sai kimanin kilomita 40 yamma a kan hanyar Lome. Wanda ya bar Legas da asuba zai iya yin la'asar a Wida. Mai gangarowa daga Kebbi ko Dosso ta Kandi da Parakou ya san cewa jihohin Alibori da Atacora na arewacin Benin sun sha hare-haren 'yan bindiga a 'yan shekarun nan, don haka tafiyar rana ce a kan babbar hanya, ba ta dare ba. Kudancin ƙasar lafiya lau. Harshen hukuma Faransanci ne, wanda ba matsala ba ne ga mutumin Maraɗi ko Damagaram, amma ɗan Kano zai ɗan sha fama, ko da yake Yarbanci da Turancin buroka suna aiki a kasuwa.

Garin ƙarami ne, shiru, mai tsofaffin gidaje irin ginin Burazil. Masarautar Dahomey ta ci shi da yaƙi a 1727, ya zama babbar tashar fitar da bayi a wannan yanki. Abin da kowa ke zuwa gani shi ne Hanyar Bayi, kusan kilomita 4 daga dandalin Chacha, inda ake cinikinsu a gaban gidan dillalin nan ɗan Burazil Francisco Félix de Souza, har zuwa bakin ruwa inda aka gina babbar ƙofar tunawa a 1995. Ana iya takawa da ƙafa da sanyin safiya, ko a hau zemijan, wato ɗan acaɓarsu. Akwai kuma sansanin 'yan Fotugal na 1721, wanda abin mamaki ya ci gaba da zama a hannun Fotugal har 1961, bayan ƙasar ta samu 'yanci. An daɗe ana gyare-gyare a wuraren tarihin garin, don haka a tambaya wanne ne a buɗe kafin a biya ɗan rakiya.

A nan ma akwai zaren da ya ɗaure mu da wurin. A farkon ƙarni na 19, lokacin yaƙe-yaƙen jihadi da rushewar daular Oyo, an fitar da Hausawa masu yawa ta tashoshin wannan gaɓa zuwa Bahia a Burazil. Su ne suka jagoranci yunƙurin tawaye a can a 1807 da 1814, kuma bayi Musulmi ne suka yi babban boren Malê a birnin Salvador a 1835. Bayansa aka koro wasu, wasu suka dawo da kansu, kuma zuriyarsu ce ake kira Aguda. Babban masallacin Porto-Novo, babban birnin Benin, mai fasalin cocin Bahia da fenti kala-kala, aikin wannan zuriya ne, kuma ya cancanci a ware masa yini guda.

Abin da zai sa wani ya so Wida, shi ne zai sa wani ya guje ta. Ita ce cibiyar addinin gargajiya na Vodun. A tsakiyar gari akwai ɗakin tsafin mesa, inda macizai ke kwance birjik ana ɗora wa baƙi a wuya a ɗauki hoto, kuma daidai gabansa babban cocin Katolika yake. Akwai kurmin tsafi na Kpassè cike da gumaka. Wajajen 10 ga Janairu kuma ana babban bikin Vodun, garin ya cika ya batse, masauki ya yi wuya. Wanda zuciyarsa ba za ta natsu da ganin gunki a kowace kusurwa ba, ko zai tafi da dattijuwar da ba ta son ko jin sunan maciji, ya san da wannan tun daga gida. Ba dole ba ne a shiga waɗannan wurare, akwai masallatai da Musulmi a garin, amma ba a iya kauce wa ganin alamunsu.

Wida kanta kwana biyu ta ƙare. Abin da ke tsawaita zaman shi ne kewayenta: ƙauyen Djègbadji inda mata ke tace ƙasa su dafa gishiri, gidan zane-zanen zamani na gidauniyar Zinsou a cikin gari, Ganvié da aka gina a kan ruwan tafkin Nokoué, da Grand-Popo can yamma kusa da Togo, inda ake shiga kwalekwale a kogin Mono har zuwa inda ya haɗu da teku.

Abincin kudancin Benin masara ce da kifi da tumatir. Amiwo jan tuwon masara ne da ake tuƙawa da romon kaza da tumatir. Akassa farin kamu ne da aka dafa ya daskare, ana ci da soyayyen kifi da miyar moyo ta tumatir da albasa. Wajen Grand-Popo akwai dakouin, ɗanyen kifi da aka dafa aka zuba romonsa a kan garin rogo ya kumbura, kuma a ganina shi ne abin da ya fi cancanta a nema a duk wannan gaɓa. Akwai atassi, shinkafa da wakensu, akwai wagasi, cukun Fulani mai jan baya da ake soyawa a jefa a miya. Ga burodi irin na Faransa kowace safiya, ga abarba mai zaƙi da araha. Sai dai cin alade ya yawaita a kudancin ƙasar, kuma giyar sodabi tana ko'ina, don haka dokar ita ce kifi a gidan kowa, nama a wajen mai tsire ɗan arewa.

Da a ce naira tana da ƙarfinta na da, Wida ce mafi araha nesa ba kusa ba. Tun faɗuwar naira daga tsakiyar 2023 sefa ta yi wa ɗan Najeriya nauyi, amma gajartar hanya tana rage kashe kuɗi sosai. Ga ɗan Nijar kuwa kuɗin aljihunsa ne, ba canji. Tekun Wida da Grand-Popo ya fi na Ghana ma mugunta. Ruwa ba sa'an kwando ba ne, a tsaya a gaɓa.

Kribi

Kribi ita ce mafi wuyar zuwa kuma mafi daɗin zama. Daga Duwala kusan kilomita 170 ne ta Edéa, a kan kwalta. Mutumin Adamawa yana da hanyar da ta fi masa: Yola zuwa Garwa, Garwa zuwa Ngaundere, daga nan jirgin ƙasa na dare mai tafiyar sama da kilomita 600 zuwa Yawunde, sannan mota zuwa Kribi. Tafiya ce ta kwana biyu ko uku, amma rabinta cikin Fulatanci da Hausa ake yinta, kuma a Yawunde unguwar Briqueterie tamu ce, da masallatai da masu suya. Hanyar da ba zan ba kowa shawara ba ita ce ta Ikom da Mamfe, domin ta ratsa yankin masu magana da Ingilishi da ke cikin rikici tun 2016. Wannan dalilin ne ma ya sa ban sa Limbe, garin bakin teku da ke wannan yanki, cikin jerin ba, duk da kyanta. Haka nan hanyar Banki da Arewa Mai Nisa tana da matsalar Boko Haram.

Tarihi kaɗan ne a Kribi: hasumiyar fitilar jiragen ruwa da Jamusawa suka gina a 1906 da tsohon cocinsu, shi ke nan. Abin da take da shi ruwa ne. Kimanin kilomita 7 kudu da gari kogin Lobé yake zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku, abin da ba kasafai ake samu ba a duniya. Ana shiga kwalekwale a matso har inda feshin ruwan ke jiƙa mutum. Yashin gaɓar fari ne, daji ya sauko har bakin ruwa, kuma akwai lungunan da ruwan ke da sauƙin da za a iya shiga a yi wanka, ko da yake a nan ma sai an tambayi 'yan gari inda ya dace. Wajen Ebodjé, can kudu, kunkurun teku na fitowa su yi ƙwai. Masu shirya yawo za su yi ta tallata maka ziyarar rugar mutanen daji Bagyeli a saman kogin. Ni ban ga abin sha'awa a biyan kuɗi don a je a ƙura wa talakawa ido a gidajensu ba.

Shirun Kribi yana raguwa. A nan bututun man Chadi ya ƙare tun 2003, kuma sabuwar tashar manyan jiragen ruwa da ke kudu da garin ta fara aiki a 2018. Ranakun Asabar da Lahadi ma'aikatan Duwala da Yawunde suna cika otal-otal, kiɗa ya tashi. Mai neman natsuwa ya zo Litinin ya tafi Juma'a.

Dalilin zuwa Kribi na gaskiya shi ne abin da ke kan gawayi. A tashar masunta ta bakin kogin Kienké kana zaɓar kifinka ɗanye, ku yi ciniki, ka miƙa wa matan da ke gefe su gasa maka da yajinsu, a kawo da soyayyar agade ko miondo da bobolo, rogon da aka jiƙa aka daka aka naɗe a ganye aka dafa. A bakin Lobé kuma jatan lande ne manya da ake kamawa a kogin, a soya da tafarnuwa da barkono. Akwai ndolé, miyar shuwaka da gyaɗa, wadda za a iya nema da jatan lande maimakon nama. Cikin garuruwan huɗu nan ne Musulmi zai yi mako guda yana cin abinci mai kyau bai taɓa nama ba, bai kuma ji ya rasa komai ba. A yi ciniki kafin a ɗora a wuta, ba bayan an ci ba, domin farashin baƙo daban ne.

Hattara biyu. Sefar Kamaru ba ita ce sefar Benin da Nijar ba. Darajarsu ɗaya a kan Yuro, amma takardun daban ne, ba a karɓar ta wannan yanki a wancan, don haka a faɗa wa ɗan canji a Wapa ko Yola wacce ake so. Sannan ruwan sama: Kribi na cikin wuraren da suka fi samun ruwa, musamman Satumba da Oktoba. Disamba zuwa Fabrairu ne lokacinta. Sauro kuma ba ya hutu.

Badagiri

Ba fasfo, ba canji, ba sabon harshe. Akwai bene na 1845 da 'yan mishan suka gina, wanda ake kira benen farko a Najeriya, akwai gidan tarihi a tsohon ofishin Di'o na 1863, akwai ɗakunan ajiye bayi na dillalin bayi Seriki Williams Abass, sai a tsallaka ruwa da kwalekwale zuwa tsibirin Gberefu a taka har bakin teku. A nan Baturen Birtaniya mai yawon bincike Clapperton ya sauka a 1825 a tafiyarsa ta biyu zuwa wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, tafiyar da bai dawo daga ita ba, don a kusa da Sakkwato ya rasu a 1827. Kwakwa da kifi suna da araha. Amma yini ɗaya ya isa a gama komai, kulawar da ake ba wuraren ba ta kai ta Ghana ba, kuma hanyar Legas zuwa Badagiri ta shahara da cunkoso da shingayen jami'ai.

A taƙaice cikin jadawali

| | Cape Coast da Elmina | Wida | Kribi | Badagiri |
|---|---|---|---|---|
| Hanya daga Legas | Iyaka uku, ko jirgi zuwa Akra | Iyaka ɗaya | Jirgi zuwa Duwala, ko ta Garwa | Ba iyaka |
| Harshe | Ingilishi, Hausa a zango | Faransanci | Faransanci | Ingilishi, Yarbanci |
| Kuɗin ƙasa | Sidi | Sefar yamma | Sefar tsakiya | Naira |
| Tsada | Mai yawa | Matsakaiciya | Mai yawa saboda hanya | Kaɗan |
| Kwanan da zai riƙe ka | 4 zuwa 5 | 2, ko 4 da kewaye | 3 zuwa 5 na hutawa | 1 |
| Abincin da za a nema | Dokono da kifi, waakye | Dakouin, amiwo | Gasasshen kifi, jatan lande | Kifi da kwakwa |
| Wanka a teku | A'a | Sam | A wasu wurare | A'a |
| Lokacin da za a guje wa | Yuni, da tsadar Disamba | Yuni, da bikin Janairu | Satumba da Oktoba | Yuni da Yuli |

Wa ya dace da ina

Magidancin da zai tafi da iyali, musamman da yara 'yan sakandare ko iyaye, ya nufi Cape Coast. Zai biya fiye, amma zai samu zango, masallaci a kusa, abincin da uwargida ba za ta yi ta bincike a kansa ba, da abin zuwa gani kowace rana. Shi ne kuma zaɓina ga duk wanda wannan ce fitarsa ta farko.

Ɗan kasuwar da dama yana zuwa Legas ko Kwatano sayen kaya, yana da kwana biyu a hannu, Wida ce tasa. Haka ɗalibin tarihi da ke son bin sawun Hausawan Bahia, ya haɗa da Porto-Novo. Haka ma ɗan Nijar mai Faransanci da sefa a aljihu, idan hanya ta buɗe masa.

Ango da amarya, ko wanda aiki ya gajiyar da shi yana son ya kwanta ya tashi ya ci kifi ba tare da wani ɗan rakiya yana karanta masa shekarun tarihi ba, su tafi Kribi a watan Janairu, tsakiyar mako. Mutanen Yola, Mubi da Jalingo sun fi kowa sauƙin wannan.

Wanda kuma bai tabbata teku za ta burge shi ba, ko fasfonsa bai fito ba, ya gwada Badagiri ranar Asabar, ya bar Legas kafin ƙarfe bakwai na safe, ya kuma tabbata an ba shi rigar kariya kafin ya shiga kwalekwalen Gberefu.